Gaskiya Sai a Finjali na Biyu

Anti Zumreta,

Don girman Allah ki taimake ni, ki kuma rufa min asiri. Kada ki buga sunana ko na ƙauyukan da nake aiki, don in aka gane ni, ba ni da sauran bakin yi wa kowa wa'azin gishiri a faɗin Bosniya. Sunayen mutanen da zan ambata ma duk na canza su.

Ni nas ce, irin mu masu bin gida-gida. Shekarata ashirin da huɗu ina hawa dutse ina gangarowa a tsohuwar motar asibiti, ƙauyuka biyar ke hannuna. In auna jarirai, in duba katin rigakafi, in matse damtsen tsofaffi in ga hawan jini, in soki yatsa in ga sukari. Sauran aikin duk na baki ne: a rage gishiri, a rage zaƙi, a kashe taba, a buɗe taga iska ta shigo. Na maimaita maganar nan har ta kai ko atishawa na yi, "a rage gishiri" ke fitowa. Su kuwa suna saurarena da ladabi, suna gyaɗa kai, ina juya baya su mai da tagar su rufe, har da cusa tsumma a ƙasanta.

To Anti, ke ma 'yar ƙasa ce, kin san ba a shiga gidan mutum a zaro kayan aiki kamar an zo yanke wuta. Sai an zauna. Sai an kawo gahawar maraba, an kawo ta hira, sannan ta ƙarshe, tsararon nan da ke nufin baƙo ya nemi takalminsa. Abin da ba a koya mana a makaranta ba, sai da na yi shekara uku ina aiki na gano shi: a finjali na farko kowa lafiya lau yake. Wanda ƙafarsa ta kumbura kamar gora ma cewa zai yi, "Sista, sai godiya." Gaskiya ba ta fitowa sai a finjali na biyu. A nan ne Baba Ragib, tsohon mai yankan katako, ya taɓa gaya min cewa ƙwayar hawan jininsa ba ya shan ta sai ranar da ya ji kansa na sara, kuma in tasa ta ƙare ta matarsa yake sha, wai tata ta fi kyan launi. A nan ne wata mai jego ta ciro katin rigakafin ɗanta daga ƙarƙashin katifa, inda ta ɓoye shi don surukarta ta ce allura na hana yaro magana da wuri. Yaron nan yanzu ya shiga aji biyu, malamai roƙonsa suke ya yi shiru.

Sai ki lissafa da kanki. Gida takwas a rana, kowane gida finjali uku, kowane finjali da ƙwayar sukarinsa da za ka gatsa ka kurɓa a kai. Kuma gahawa ba ta tafiya ita kaɗai. Nan burek, gasasshen ƙullin fulawa mai nama a ciki, yana ɗigar da mai, can baklawa mai kama da alkaki tana iyo a ruwan sukari, gaba busasshen naman da ya kwana wata uku a hayaƙi da gishiri. Gidajen kuma gasa suke da ni. In na ci yanka ɗaya a gidan Goggo Milka, kafin in tsallaka shinge labari ya riga ni zuwa, maƙwabciyarta ta tare ni da yanka biyu tana cewa, "Na ji nata kin cinye tas, ko mu hannunmu da dafi ne?" Wallahi Anti, na sha yin bayanin illar gishiri da nama cike a bakina. Azumi kaɗai ne hutuna, shi ma ƙunso min suke yi in tafi da shi buɗa-baki, washegari a tambaye ni na wa na fara ci.

Sau uku ana buɗa min rigar aiki. Da na fara zuwa ina 'yar siririya, tausayina suke ji, suna cewa ba a ba ni abinci a birni. Yanzu in na fito daga mota sai ki ji tsofaffi a bakin masallaci suna yaba aikinsu: "Masha Allah, ku dubi Sista, mu muka mai da ita mutum."

A bara da kaka aka tura mu bita Sarajevo. Wani matashi mai gorar ruwa a hannu, wanda na tabbata bai taɓa cire takalmi a ƙofar gidan ƙauye ba, ya haska mana hotuna a bango ya ce ma'aikacin lafiya shi ne madubin al'umma, don haka mu koyi ƙin karɓar abin ci cikin ladabi da murmushi. Har gwaji aka sa mu yi biyu-biyu, wannan ta miƙa kofin da babu komai a ciki, waccan ta ɗora hannu a ƙirji ta ce ta gode. Aka tafa mana, aka ba mu takardar shaida. Na dawo da ƙarfina.

A gidan Inna Devleta na fara gwadawa, Allah ya isa tsakanina da wannan rana. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da tara, ita kaɗai a gida, 'ya'yanta duk suna Jamus, ciwon sukari gare ta. Tun ina sabuwar zuwa take kirana 'yarta. Ta daka gahawarta da hannunta, ta jero tire, ta tsiyaya. Na ɗora hannu a ƙirji yadda aka koya min, na yi murmushin bita, na ce, "Inna, na gode, a ƙoshe nake." Ta dube ni. Ta ɗauki finjalin ta juye shi cikin tukunya, ta kwashe tiren ta kai madafi. Da ta dawo ta zauna can nesa da ni, ta miƙo hannu na auna. Yaya jiki? Lafiya lau. Yaya barci? Lafiya lau. Ƙafafu fa? Lafiya lau, sai godiya. Safar ulu biyu ne a ƙafarta, amma sanyi ya fara shigowa, ban kawo komai a raina ba. Minti goma na gama, na fito ina jin daɗi wai yau aiki ya yi sauri.

Zuwana biyu bayan nan ƙofa a rufe, ga hayaƙi na fita ta saman rufi. Sati na uku maƙwabta suka kira motar asibiti. Ashe ƙusa ce ta soke ta a tafin ƙafa, ba ta ji ba, wurin ya ruɓe. Yatsu biyu aka cire mata. Na je duba ta a gadon asibiti, ta juya min ƙeya ta daɗe, sannan ta ce, "'Yata, ranar nan fa na yi niyyar cire safar in nuna miki. Amma wanda ya ƙyamaci finjalina, ta yaya zan buɗe masa ruɓaɓɓiyar ƙafa?" Anti, a mota na yi kukana har na gode Allah. Har yau in na tuna sai in ji kamar ni na riƙe wuƙar.

Tun daga ranar ban ƙara ƙin komai ba. Ko ruwan wanki aka zuba min a finjali shanyewa zan yi in ce a ƙaro.

To ana wata ga wata. Watan jiya ina gidan Baba Ragib, na gama auna shi ina yi masa faɗa, sai ya ce, "Ke Sista, shekara ashirin kina matse mana hannu, ke wa ke matse naki? Kawo nan." Wasa ne, ga matarsa da maƙwabta biyu suna dariya, sai na miƙa. Ya naɗa min na'urar awon jini, ya danna. Ɗari da tamanin a kan ɗari da goma. Tsohon nan ya sa tabarau ya sake dubawa, ya ce, "Kai! Ai kin fi ni." Kunya ta rufe ni, bakina ya riga hankalina, na ce batirin na'urar ne ya yi sanyi, in ya yi sanyi haka take ƙara lamba.

Anti, da na san abin da zan jawo da na haɗiye harshena. Kafin sati ya zagayo, ƙauyuka biyar sun ji cewa na'urar Sista ƙarya take yi, Sista ce ma ta faɗa da bakinta. Baba Ragib ya tattara ƙwayoyinsa ya zuba a aljihun tebur, yana bin majalisa yana cewa dama shi ya san lafiyarsa ƙalau, shekara goma ana hana shi nama a kan batir. Mutum shida na sani da suka bi sahunsa. Na kawo sabuwar na'ura, suka ce ai duk uwarsu ɗaya.

Ni kuwa na lallaɓa wurin likitanmu a ɓoye. Batir lafiyarsa ƙalau. Hawan jini ne sosai, sukari ma yana bakin ƙofa. Ya ɗora ni a kan magani, ya karanto min wa'azina kalma da kalma, har da "a rage gishiri", ina zaune ina gyaɗa kai irin na mutanena. Ya ce wata uku ya ba ni, in bai sauka ba zai mai da ni ɗakin kati in zauna a kujera, ya tura wata yarinya sabuwar gama makaranta ta karɓi ƙauyukan. Na ga yarinyar. Kirki gare ta, amma da gorar ruwanta take yawo. Mahaifiyata tana da hamsin da huɗu ɓarin jikinta ya shanye, shekara bakwai muna juya ta a gado. Ni yanzu hamsin da biyu gare ni. Tsoro nake ji, Anti, ba zan ɓoye miki ba.

Maigidana kuwa ya riga ya gano ciwon. Ya ce ba gahawa ba ce, ba burek ba ne, promaha ce, iskar nan da ke ratsa ɗaki in ƙofa da taga suna buɗe. Wai shekara ashirin da huɗu ina bin gidajen mutane ina buɗe tagogi, ai dole wata rana ta kama ni. Ya sayo min mayafin ulu ya ce in riƙa naɗe wuya, ya kuma kafe tagar ɗakinmu da ƙusa.

To ki gaya min. In ci gaba da sha in bi hanyar mahaifiyata? In ƙi sha a rufe min ƙofa wani ya rasa ƙafa? Ko in karɓi kujerar in bar su da mai gora? Ƙaryar batir kuma ta ina zan fara warware ta, ni da ko ciwon kai ba su taɓa jin na yi ba? Kullum na wuce gidan Baba Ragib sai gabana ya faɗi, ina duba ko an tara takalman 'yan makoki a ƙofa.

Taki,
Mai Dokar Barci

*

Mai Dokar Barci,

Wasiƙarki ta same ni da finjali a hannu, na ajiye shi ban ƙarasa ba. Kin ga ko a nan kin yi aikin rana ɗaya.

Bari mu fara da wanda ba ya jira. Maganar batir gobe za ki warware ta, ba jibi ba, tun kafin ki je ko'ina. Mutum bakwai sun ajiye magani a kan maganarki, kuma ke kin fi ni sanin abin da hawan jini ke yi wa wanda ya saki magani rana tsaka. Kunyarki ba ta kai nauyin ɓarin jikin Baba Ragib ba. A gaban mutane kika yi ƙaryar, a gabansu za ki janye ta. Ki sa ya kira maƙwabtan nan biyu, ki zaro kwalin ƙwayarki daga jaka ki ajiye kusa da nasa, ki ce na'ura gaskiya ta faɗa, ke ce kika ji kunya. Zai yi miki dariya, zai kai labarin majalisa da ƙari. Ki bar shi. Ƙafar da ta yaɗa ƙaryar ita ce za ta fi saurin yaɗa gyaran, musamman da yake a wannan karon shi ne gwanin da ya gano ciwon Sista. Wanzami dama ba ya son jarfa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai maganar Inna Devleta. Ki sauke rabin kayan nan daga kanki. Ƙusa ce ta soke ta, sukari ya ruɓar da wurin, zuciya ta hana ta buɗe ƙofa, ba ke kika yi ko ɗaya daga ciki ba. Naki laifin guda biyu ne, ki riƙe su don su yi miki amfani: kin bar mai ciwon sukari da safa ba ki duba ƙafa ba, wannan ko an sha gahawa ko ba a sha ba aikinki ne ki nace, sannan kin ce mata kin ƙoshi. A ƙasar nan wa ya taɓa ƙoshi da gahawa? Ita ta san ƙarya ce, sai ta nemi dalilin da kanta, ta samo mafi muni.

Shi ma yaron bita ban ce bai da gaskiya ba. Nas ɗin da ke hana gishiri da nama a baki, wa'azinta ba ya wuce bakin ƙofa. Inda ya kuskure, ya ɗauka abin da ke cikin finjalin ne magana. Mutanenki su ma suna da tasu gaskiyar: ba sa buɗe cikinsu ga wanda ke tsaye yana duban agogo. Zaman ne ke buɗe baki, finjali shaida ce kawai cewa kin zauna.

Ga abin da ya ba ni mamaki. Shekara ashirin da huɗu kina cikinsu, ba ki lura da uzuri ɗaya tak da mutanenmu ke karɓa hannu bibbiyu ba? Ciwo. Ki ce kin ƙoshi, kin yi zagi. Ki ce kina sauri, kin yi girman kai. Amma ki ce likita ya hana ki, nan take kin zama sarauniya, a kawo miki matashin jingina, a zauna a ji lambarki a gwada da ta kowa. Mu da muke zuwa biki mu ɓuge da hirar ƙoda da gwiwa! Kina riƙe da babban makami kina ɓoye shi a ƙasan jaka.

Don haka ki faɗa a kowane gida, da lambar da komai, har da labarin mahaifiyarki. Finjalin maraba ki karɓa da hannu biyu, rabi, babu sukari, ki yi ta juya shi. Ki tambayi likitanki nawa ya yarje miki a rana, ki tsaya a nan. Na biyu ki roƙi a dafa miki ganyen shayin dutse da kowace tsohuwa ke shanyawa a rufin ɗaki tana jiran wanda zai tambaya. Roƙo za ki yi, ba ƙi ba, mai gida ya ga ya ba ki abin da babu a gidan maƙwabta. Gasar da ta buɗa miki riga sau uku ba za ta mutu ba, juya ta za ki yi. Ki faɗa a gida ɗaya cewa miyar Goggo Milka marar gishiri ta sauke miki lamba, ki ga in ba a wayi gari ana rantsuwa a kan wa ta fi iya girkin marar lafiya ba. Ba wadda za ta ɗora tukunya biyu saboda ke, abin da ta dafa miki shi mijinta zai ci yana ƙunƙuni. Abin da suka ƙi yi don kansu shekara ashirin da huɗu, za su yi shi don baƙuwa.

Ban ce zai tafi sumul ba. Za a ba ki tafarnuwa, a ba ki ruwan kabeji mai tsami wanda rabinsa gishiri ne, a ɗaura miki dankali a goshi. Dankalin ki bari a ɗaura, ruwan kabejin ki ce likita ya hana. Ƙwayarki kuma kullum, ba sai ranar da kai ya sara ba, kin san da wa nake.

Kujerar ɗakin kati kada ki ɗauke ta abin kunya. In wata uku suka cika lamba ba ta sauka ba, ki karɓa, gara su riƙa zuwa gaishe ki a ofis da su zo juya ki a gado. Kafin nan ki riƙa ɗaukar yarinyar a mota ranar da ta samu, ki koya mata zama. Gorar ta bar ta a mota. Maigidanki kuma ki karɓi mayafinsa ki gode, tsoro ne ya sa shi, bai san inda zai kai shi ba sai taga. In ya fita ki nemi abin cire ƙusa.

In kin fito daga gidan Baba Ragib, ki wuce kai tsaye wurin Inna Devleta. Kada ki taɓa jakarki tukuna. Ki zauna ki sha na maraba. In ta tsiyaya na biyu, kafin ki tambaye ta komai, ki naɗe hannun rigarki, ki miƙa mata na'urar ki nuna mata inda ake dannawa. Shekara ashirin da huɗu su ke cire miki safa, 'yar'uwa. Wannan karon ke za ki fara cire taki.

Allah ya sauke lambar, ya ba ki lafiya da nisan kwana, ya sa a sake kai rigar nan wurin tela, a rage ta.

Anti Zumreta